Kwana Biyar da Na Ɓoye wa Malam Sharfuddeen

Litinin, 7 ga Yuni 1999, bayan Azahar

Abin da na gani yau ne ya sa na ɗauko wannan littafin. Maigidana Mika'ilu ya saya mini shi tun Babbar Sallah, ban taɓa buɗe shi ba sai yau.

Shekara biyu ke nan ina aika wa mutanen unguwarmu ta Sabo, nan Ibadan, imel daga ɗakin da ke jikin zaurenmu. Mata su shigo su zauna, maza su miƙo takarda ta taga. Kowa da akwatin saƙonsa, kowa da kalmar sirrinsa. Yau da hantsi na manta a wace taga nake cikin kwamfuta, na buga alamar ɗigo biyu da ta karkatacciyar sanda da sunan wani falke mai safarar shanu a wurin da ake sa kalmar shiga. Sai akwatinsa ya buɗe. Ba a tambaye ni komai ba. Na rufe kafin idona ya kama layi na biyu. Na gwada da akwatina, ya buɗe. Na gwada da na Maigida, ya buɗe.

Manzo nake amfani da ita, manhajar imel ta wana, Yaya Ladan. Na kunna tsohuwar kwamfutar da ke da Tantabara, manhajar Malam Sharfuddeen ta Zariya. Ɓaraka ɗaya, wuri ɗaya. Ba mamaki, uwa ɗaya ta haife su. Malam ne ya rubuta Tantabara don ta kai saƙo ko layin waya na tsinkewa, ya bar rubutun cikinta a buɗe, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba kyauta. Yaya ɗalibinsa ne, shi ne hannun damansa, har suka saɓa, Yaya ya kwafi rubutun ya sa wa nasa suna Manzo. Tun daga nan ko gaisuwa ba sa yi. Kowannensu da zauren imel ɗinsa inda masu manhajarsa ke tattaunawa, ni kaɗai na rage a duka biyun, saboda ni nake mayar musu da umarnin allo zuwa Hausa.

Shago kusan arba'in ne ke kan Tantabara, ashirin da wani abu kan Manzo, daga Legas har Maraɗi. Asirin mutane nawa ke nan?

Litinin ɗin, bayan La'asar

Na kira Yaya a wurin aikinsa a Mokola. Kafin in ajiye waya da kyau sai ga okada ta sauke shi. Ya gwada da hannunsa sau uku, ya zauna a kan benci, ya cire hula.

Ya ce, "Wa kika gaya wa?"

Na ce, "Kai kaɗai. Yanzu zan rubuta wa Malam."

"Dakata. Ba ni kwana biyu uku in ga zurfin abin. In kika gaya masa yau, gobe zai ce ni na ɓata masa rubutu. Kin san shi."

Na san shi. Na san ba zai faɗi haka ba. Amma Yaya ne ya kai ni makarantar kwamfuta lokacin da duk gidanmu ake cewa a bar mace ta koyi ɗinki, kuma kwamfutar da ke gabana shi ya haɗa ta da hannunsa. Na ce to.

Talata, 8 ga Yuni, da safe

Ban rubuta ba.

Laraba, 9 ga Yuni, bayan Azahar

An yi ruwa tun safe, kwata ta cika har bakin zaure. Iya Azumi maƙwabciyarmu ta aiko mini da dakuwa mai zafin barkono irin wadda nake so. Da na leƙa ta katanga in yi godiya ta ce, "Eku ishe, sannu da aiki, 'yar nan, ke dai kullum kina gaban wannan talabijin ɗin marar hoto." Na tambaye ta labarin ɗanta Ridwan da ke aiki a ƙasar Larabawa. Ta ce lafiya lau, aiki ya yi masa yawa. Ban taɓa gane dalilin da ya sa take hawa mota har Ojoo, shagon Alhaji Isiyaku, don saƙonsa ba, ga ni nan a jikin katangarta. Na taɓa jin haushin abin.

Ban rubuta ba.

Juma'a, 11 ga Yuni, da hantsi

Yaya ya ce ya kusa gama facin da zai toshe ɓarakar Manzo. Na ce kwana biyu uku ka ce. Ya ce gobe.

Asabar, 12 ga Yuni, bayan La'asar

Na rubuta wa Malam. Na yi masa bayanin ɗigo biyu da sanda, na nuna masa layin da ɓarakar take, na ce na sanar da Yaya shi ma.

Akwai kalma ɗaya a wasiƙar da ba na son in sake kallo.

Litinin, 14 ga Yuni, da hantsi

Amsarsa ta iso. Layinsu na Zariya sau ɗaya a rana yake kamawa, in ya kama. Ga abin da ya ce:

"Malama Najiba, Allah ya saka miki da alheri. Ɓarakar tawa ce, tun kafin Ladan ya taɓa rubutun take nan. Na gode da kika sanar da mu rana ɗaya, ba ki fifita ɗan'uwanki ba. Ba kowa zai iya ba. Tunda ni da shi ba ma magana, ki zama tsakaninmu. Ga shawarata: kowa ya yi shiru, kowa ya ɗinke tasa, mu tura faci shaguna a faifai ta hannun direbobi, sannan mu sanar da duniya tare bayan kwana goma sha huɗu daga ranar da kika gaya mana."

Na karanta "rana ɗaya" na tashi na shiga madafa, na tsaya a kan tukunyar da ba ta buƙatar kowa.

Kalmar da na rubuta masa ita ce "yau". Na ce yau na gano. To, na faɗa.

Litinin ɗin, bayan Magariba

Na karanta wa Yaya shawarar ta waya. Ya ce, "Sake karanta ƙarshen."

Na sake.

"Daga ranar da kika gaya mana. No wahala. Ce masa na yarda."

Na ji yadda ya yi saurin yarda. Na san lissafin da ya yi, domin ni ma na yi shi a take. Ranarsa bakwai ga wata, sha huɗu a kai ashirin da ɗaya. Ranar Malam sha biyu, sha huɗu a kai ashirin da shida. Da na ce, "Yaya, a rubuta ranar da lamba," da an gama. Amma in na ce a rubuta, sai an tambayi me ya sa.

Na rubuta wa Malam: ya yarda.

Laraba, 16 ga Yuni, da rana

Aikin ɗan aike. Yaya ya ce, "Gaya wa tsohon nan ya bi layin da na bi, in idonsa na gani." Na rubuta, "Yaya Ladan yana ba da shawarar a duba layi na ɗari biyu da shida." Malam ya ce, "Ki ce masa gaggawa ce ta raba mu tun farko." Na gaya wa Yaya, "Malam ya gode." Ina wanke maganar kowa kafin in miƙa, ina jin kaina wata mutuniyar kirki. Har Maigida ya shigo daga kasuwar goro ya same ni ina murmushi, ya ce, "Hajiya mai sasanci." Murmushin ya tafi.

Alhamis, 17 ga Yuni, bayan Azahar

Tsawa ta ƙone wa Malam modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya. Daga ofishin wani abokinsa ya aiko: ya gama rabin facin, zai fara kwafar faifai ranar Talata, direbobi su ɗauka Laraba, in sha Allahu kafin ashirin da shida kowane shago ya samu. Ya rubuta lambar ƙarara. Ashirin da shida.

Na buga amsa: "Malam, akwai abin da ya kamata ka sani game da ranar." Na zauna ina kallon ta har aka kira La'asar. Na goge.

Juma'a, 18 ga Yuni, da yamma

Na je Mokola. Matar Yaya ta kawo amala da miyar ewedu, ban iya ci ba. Na ce masa, "Malam ashirin da shida yake lissafi."

"Lissafinsa ne."

"Yaya, don Allah. Kwana biyar kawai."

Ya ajiye cokali. "Najiba, shagunana duk sun sami faci tun Laraba. Amma akwai masu kwafin Manzo da ban san su ba, a Kwatano, a Ilori, ko'ina. Sai na yi shela za su ji. Kowace rana da na yi shiru, akwatinsu a buɗe yake. In jira tsohon da ya shekara huɗu bai ga ramin da ya haƙa ba?"

Akwai gaskiya a ciki. Abin da ya ɗaure ni ke nan, akwai gaskiya a ciki. Amma na ga fuskarsa da ya ce "shekara huɗu", kuma ba mutanen Kwatano ne a fuskar ba.

Na ce, "To ka yi shelar ba tare da ka faɗi yadda ake buɗewa ba."

Ya ce zai duba.

Asabar, 19 ga Yuni, da safe

Har yanzu akwai lokaci.

Lahadi, 20 ga Yuni, bayan La'asar

Layi yana aiki lafiya lau tun safe. Ba ni da wannan uzurin. Akwai lokaci har gobe.

Litinin, 21 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Yaya ya tura shelar. Zaurensa, da zauren Malam, da babban zauren masu harkar imel na yankin nan. Da ɗigo biyun, da sandar, da misali. A ƙasa ya rubuta: "Manzo ta ɗinke. Masu amfani da wasu manhajoji su tuntuɓi masu su." Ya kuma gode wa ƙanwarsa Najiba da ta gano.

Sunana a wurin, da manyan baƙaƙe.

Talata, 22 ga Yuni, bayan Azahar

Na kira shagon Alhaji Isiyaku a Ojoo sau shida don in ce su kashe kwamfutarsu, su ne mafi kusa da mu a kan Tantabara. Wayar tana ƙara ba a ɗauka. Na yi tunanin in hau mota in je. Ruwa ya sauko, na ce sai ya tsaya. Ya tsaya, na ce gobe.

Laraba, 23 ga Yuni, da hantsi

Malam ya rubuta a babban zaure. Layi huɗu. Ya ce duk mai Tantabara ya rufe shago har faifai ya iso. Ya ce ɓarakar tasa ce, jinkirin nasa ne, wataƙila shi ya yi kuskuren lissafin rana, kada kowa ya zargi kowa. Ya roƙi gafarar mutane.

Ni kuma ya aiko mini daban: "Malama, kada ki damu. Na san kin yi iyakar ƙoƙarinki."

Da zagina ya yi da na ci abinci.

Alhamis, 24 ga Yuni, bayan La'asar

Ana koke-koke a gidan Iya Azumi.

Alhamis ɗin, bayan Magariba

Maigida ya dawo ya gaya mini. Wani mai akwati a shagon Ojoo, irin masu ɗan sanin kwamfuta, ya karanta shelar Yaya ranar Litinin, ya zauna ya buɗe akwatunan mutane ɗaya bayan ɗaya don nishaɗi. Wanda ya yi masa daɗi ya buga a takarda. Takardar ta bi tasha, daga hannun direba zuwa hannun mai shayi, ta iso Sabo.

Ridwan ba aiki yake yi ba. Wata takwas ke nan yana gidan yari a can, an kama shi ba takardun zama, da wata magana a kai da ba a tabbatar ba. Wani abokinsa ne ke rubuto wa Iya. Ita kaɗai ta sani. Ta ɓoye wa mijinta, Malam Babandi, saboda hawan jininsa. Shi ya sa Ojoo. Ba raina ni ta yi ba, nesa da kunnen unguwa take nema.

Malam Babandi ya ji ne a ƙofar masallaci bayan Azahar. Wani ya riƙe hannunsa ya ce, "Allah ya fito da yaron." Ya ce wane yaro. Sai wani ya ciro takardar. Yana tsaye yana karantawa ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa.

Yana asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi.

Juma'a, 25 ga Yuni, da safe

Mata suna shiga jaje. Ina jin takalmansu ta katanga. Ban shiga ba.

Asabar, 26 ga Yuni

Yau ce ranar da Malam ya lissafa.

Lahadi, 27 ga Yuni, bayan Azahar

Na gaya wa Maigida komai, daga bakwai ga wata. Yana zaune yana tsince goro a kan ganye, yana ware masu tsutsa. Bai ɗago ba har na gama.

Ya ce, "Ban san kwamfuta ba. Amma a kasuwarmu baƙo daga Arewa ba ya jin Yarabanci, mai goro ba ya jin Hausa, dukansu bakin dillali suke kallo. Ranar da aka gane dillali ya raɗa wa ɗaya abin da bai gaya wa ɗayan ba, ba a dukansa, ba a kai shi ƙara. Sai dai gobe ya zo ya ga ba wanda ya zauna a tabarmarsa."

Na ce, "To in yi yaya?"

Ya ce, "Kin sani tun kafin ki tambaye ni. Mutumin Zariya yana ɗauke da kayan da ba nasa ba."

Na yi kuka. Ya bar ni na yi. Daga baya ya tura mini farin goro guda, ya fita.

Litinin, 28 ga Yuni, da hantsi

Na rubuta sau huɗu. Na farko shafi biyu ne, duk bayanin yadda Yaya ya yi mini hidima. Na biyu ya jingina komai a kan Yaya. Na uku ya ce "an sami rashin fahimta". Na karanta shi da ƙarfi, na ji muryar masu magana a rediyo.

Talata, 29 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya

Ga abin da na tura babban zaure:

"Malam Sharfuddeen bai yi kuskuren lissafi ba. Na gano ɓarakar ranar bakwai ga Yuni, na gaya wa yayana a ranar. Ban gaya wa Malam ba sai sha biyu, kuma na ce masa a ranar na gano. Na san ranakunsu sun bambanta, na yi shiru har abin ya faru. Abin da ya sami mutanen shagon Ojoo ta hannuna ya bi. Najiba, Sabo."

Modem ta yi kukanta, saƙon ya tafi. Na wanke kayan da na wanke jiya.

Talatar, bayan La'asar

Yaya ya zo. Bai zauna ba.

"Kin san abin da kika yi mini? Mutum talatin sun rubuto. Wani a Legas ya ce zai cire Manzo yau. Ni kika tona, ba kanki ba!"

Na ce, "Ban ce ka yi komai ba."

"Sai kin ce? Wawaye ne su?"

Na ce, "Yaya, ka je asibiti ka ga Malam Babandi?"

Malam Babandi ne ya yi masa karatun allo. Yaya ya ce da Yarabanci, ƙasa-ƙasa, shi bai aiki kowa ya karanta wasiƙar kowa ba. Na ce haka ne, ni ma ban aika ba. Ya tsaya yana kallon kwamfutar kamar zai ɗauke abarsa. Sai ya fita, bai yi sallama ba.

Alhamis, 1 ga Yuli, da rana

Shiru daga Zariya. Mutum biyu sun rufe akwatinsu a wurina. Falken shanu ya leƙo taga ya ce, "An ce ke ce kika fasa kwalbar." Na ce ni ce. Ya yi tsammanin musu, da bai samu ba sai ya miƙo takardarsa ya ce a aika Kano.

Asabar, 3 ga Yuli, bayan La'asar

Malam Sharfuddeen yana Ibadan. Ashe shirun hanya ce. Ya ƙi yarda da direbobi, ya ɗauki jakar faifai da kansa, shago shago, Kaduna, Minna, Ilori, yana sa faci da hannunsa. Jiya ya iso Ojoo. Maigida ya je ya ɗauko shi, ya kuma aika wa Yaya cewa ana nemansa a zaure, bai ce da wa ba.

Ban taɓa ganin Malam ido da ido ba. Ɗan ƙaramin mutum ne, da tabarau ɗaure da zare a gefe ɗaya. Na zauna a bakin ƙofar ɗakina da mayafi. Yaya ya shigo, ya gan shi, ya tsaya cak. Ya durƙusa rabi, kamar gwiwarsa ce ta tuna ba shi ba.

Malam ya ce, "Zauna, Ladan. Ba shari'a na zo ba. Na ga facinka, ya fi nawa tsafta. Da ka aiko mini da na ɗauka."

Yaya ya ce, "Da na aiko ba za ka buɗe ba."

Malam ya ce, "Wataƙila."

Sun yi awa biyu. Sun ɗaga murya sau ɗaya, a kan abin da ya raba su tun farko, Maigida ya yi gyaran murya suka sauko. Ba su shirya ba, Manzo tana nan, Tantabara tana nan. Abin da suka rubuta a takarda shi ne: akwati guda don rahoton ɓaraka, duk saƙon da ya faɗa ciki ya tafi wurin su biyun a lokaci ɗaya, ba ta bakin kowa ba. Ranar shela a rubuta ta da lamba da wata da ƙarfe. Wanda ya riga gama faci ya ba ɗayan. Ba a faɗin yadda ake buɗe ɓaraka sai faifai ya isa shago na ƙarshe.

Yaya ya ce, "Wa zai kula da akwatin? Najiba?"

Malam bai kalle ni ba. Ya ce, "A'a."

Daidai ne. Amma na ji ta har cikin haƙorina.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofata. Na ce, "Malam, ka yafe mini." Ya ce, "Nawa na yafe tun a Minna da na karanta. Ba nawa ne babba ba." Ya nuna katanga da haɓarsa. Sannan ya ce akwai sababbin layuka goma sha biyu da ke jiran fassara, in ina da hali.

Yaya ya ɗaukar masa jaka har bakin titi. Daga nan, in ji Maigida, asibiti ya nufa.

Litinin, 5 ga Yuli, da safe

An dawo da Malam Babandi gida. Yana magana, amma bakin ya karkace.

Na sa mayafi na cire. Na sa na cire.

Talata, 6 ga Yuli, bayan Azahar

Na shiga. Iya Azumi tana tsakar gida tana dakan gyaɗa, ta rame har ɗankwalinta ya yi mata yawa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya mai jiki. Na ce akwai maganar da na zo da ita. Na fara da manhaja biyu da faci da ranaku, na ga ba ta bi na, sai na ce, "Iya, ƙofar da aka bi aka karanta wasiƙunki, na san a buɗe take tun mako biyu kafin nan."

Ta jingine taɓarya. "Ke kika karanta?"

"A'a."

"Ke kika buga a takarda?"

"A'a, Iya."

"To me kika yi?"

"Na san ranar da za a nuna wa duniya ƙofar, na san ba a kulle ta Ojoo ba. Kalma ɗaya zan faɗa a kulle. Na ji kunyar faɗa, na yi shiru."

Ta daɗe tana kallona. Daga ɗaki Malam Babandi ya yi tari, ta juya kunnenta can har ya lafa.

Ta ce, "Ranar da na aiko miki da dakuwa, kin sani?"

Na ce, "Na san ƙofar. Ban san abin da ke bayanta ba."

Ta ɗauki taɓarya. Ta ce, "Tashi ki je, 'yar nan. Ba yau ba."

Na tashi. Ina fita na ji dakan ya ci gaba, da ƙarfi.

Laraba, 7 ga Yuli

Ba komai.

Alhamis, 8 ga Yuli, bayan Azahar

Na fassara layuka goma sha biyun. Na tura wa su biyun a saƙo ɗaya.

Asabar, 10 ga Yuli, da hantsi

Ina share ɗaki aka yi sallama. Iya Azumi ce. Ba ta taɓa taka ɗakin nan ba. Ta zauna a bakin benci, ta ƙi ruwan da na kawo.

Ta ce, "Ba zan iya barin Malam in je Ojoo ba. Kuma yanzu wa zan ɓoye wa? Abin naki a kulle yake?"

Na ce a kulle yake.

"Kin tabbata, ko kunya ce?"

Na ce, "Wannan ƙofar na tabbata. In na ga wata, a ranar zan faɗa."

Ta kwance bakin zaninta ta ciro wata 'yar takarda da ta sha ninki, adireshin abokin Ridwan. Ta ce in rubuta, shi zai kai masa ranar ziyara. Na ɗora yatsuna.

"Ki ce uwarka tana gaishe ka. Ki ce damina ta yi kyau. Ki ce kowa ya sani yanzu, ba wanda ya mutu, ya daina jin nauyi." Ta ƙara da cewa, "Ki ce babanka ya ce..." Muryarta ta tsaya. Na jira, ban juya ba.

"Jiya ya sa na kawo kunnena bakinsa. Ya ce a gaya wa yaron ya riƙe salla, ya ci abinci ko ba daɗi. Ya ce shi ba fushi yake ba. Rubuta haka."

Na rubuta. Na ce, "Maganar jikin Malam fa, Iya?"

Ta dube ni, karon farko tun da ta shigo.

"Ke za ki koya mini?" Ta ja numfashi. "Rubuta. Ki ce ya faɗi, ki ce yana samun sauƙi. Na gaji da ɗaukar abu ni kaɗai."

Na karanta mata daga farko. Ta sa na cire "matuƙa" a wuri ɗaya, ta ce ita ba ta magana haka. Na tura. Ta zauna har modem ta gama kukanta, ta tambaya ko ya isa, na ce ya bar nan dai.

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "In amsa ta zo, kada ki aiko kowa. Ki zo da ƙafarki, ki karanta mana mu biyu."